Mutum dubu, cuta ɗaya: me ya hana mu shigar da ƙara ɗaya?

A shekarar 2010 gwamnatin Togo ta dakatar da ReDéMaRe, dubban mutanen da suka zuba kuɗinsu a ciki suka wayi gari suna zarya tsakanin ofishin da aka garƙame da ofisoshin hukuma. A wannan shekarar dai, a maƙwabciyarmu Benin, ICC Services ya rushe da kuɗin da aka ƙiyasta sun kai sefa biliyan 150, na mutum sama da 150,000. Ba a zauna shari'ar shugabanninsa ba sai a Disamban 2018, aka yanke hukunci a Fabrairun 2019. Wasu daga cikin masu kuɗin har sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar ta zo. Sai kuma watan Maris na 2021, lokacin da ma'aikatar kuɗi ta Togo ta fitar da jerin kamfanonin da ta ce suna karɓar kuɗin jama'a ba tare da izini ba, cikinsu har da CACESPIC-IF da Global Trade Corporation, ta umarce su da su daina, su kuma mayar wa mutane dukiyarsu.

Duk wanda ke zaune a Agoè Zongo ya san yadda irin wannan labari ke ƙarewa. Kowa ya riƙe 'yar takardarsa a aljihu, a taru a bakin shago ana jimami, wani ya ce a je wajen zandarma, wani ya ce a nemi lauya, a yi taro biyu ko uku, daga nan sai ka ji an ce a bar wa Allah. Mutane dubu ne aka yi wa cuta iri ɗaya, a hannun kamfani ɗaya, da takarda iri ɗaya, amma a gaban shari'a kowa shi kaɗai ne.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da Togo za ta samu dokar da za ta bai wa alƙali ikon ya dubi irin waɗannan mutane ya ce: ku duka ƙararku ɗaya ce, ga wanda zai tsaya a madadinku, hukuncin da ya fito kuma na kowa ne. Masu Faransanci suna ce wa wannan action de groupe. Ni zan kira shi ƙarar gayya, domin kamar aikin gayya yake a gona: abin da zai ci wa mutum ɗaya wata guda, jama'a su gama shi kafin azahar.

Bari mu fara da gaskiya mai ɗaci. Ƙarar gayya ba za ta dawo da kuɗin da ɗan damfara ya riga ya cinye ba. Kamfanin da ke biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi, ranar da ya faɗi asusunsa wayam ne, ko alƙalai goma suka yi hukunci ba abin da za a tatsa. Abin da za ta iya yi a irin wannan hali shi ne ta sa a raba ɗan abin da ya rage bisa lissafi ɗaya, kada mai uwa a gindin murhu ya kwashe nasa ya bar sauran. Inda ƙarfinta yake na gaske shi ne a kan wuraren da ke da lasisi, ke da gini, ke da kuɗi, waɗanda gobe ma suna nan: bankuna, ƙananan asusun ajiya da lamuni da muke kira mikrofinans, kamfanonin inshora, da masu aika kuɗi ta waya. Kuma a nan ne mafi yawan kuɗinmu ke wucewa kullum.

Ga misali, lissafi ne kawai na kawo don a gane, ban nufi wani banki ba. A ce wata cibiya mai asusu 200,000 tana cire sefa 500 kowane wata daga kowane asusu, da sunan wani caji da doka ba ta yarda da shi ba. A shekara kai ka yi asarar jaka shida. Ita kuma ta tara miliyan 100 a wata, biliyan 1 da miliyan 200 a shekara. To wa zai bar shagonsa, ya hau zemijan daga Zongo zuwa kotu a cikin gari, ya biya lauya, ya yi ta zarya wata da watanni a kan jaka shida? A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,500 tun Janairun 2023, kuɗin buɗe fayil kaɗai a wajen lauya ya fi ƙarfin abin da ake nema. Saboda haka ba wanda zai je. Mai cirewar ma ya san ba wanda zai je. Ƙaramar cuta da aka raba wa mutane da yawa ita ce cutar da ta fi kowace samun wurin ɓuya.

Kuma dokokin da ke kare mu suna nan a rubuce. Tun 1 ga Oktoban 2014, babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefa su yi wasu ayyuka kyauta, cikinsu har da buɗe asusu, rufe shi, ba da littafin ajiya, takardar bayanin asusu ta wata-wata, da tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya. Mutum nawa ne a Zongo suka san da wannan? Wanda ya sani ɗin ma, in aka cire masa, ina zai kai kuka? Doka in ba ta da mai tsaya mata a kotu, ado ce a takarda.

Dalilin da ya sa muke haka yana cikin tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa. Tsohuwar ƙa'idarsa ita ce wanda aka cuta shi zai kai ƙara da sunansa. Mutum ɗari suna iya ɗaukar lauya ɗaya, amma sai kowa ya ba da sunansa, ya sa hannu, ya kawo hujjarsa, hukuncin kuma bai shafi wanda bai zo ba. In shari'ar laifi ce, kana iya shiga a matsayin wanda aka cuta ka nemi diyya, sai dai nan ma kowa da kansa. In kamfani ya karye aka naɗa mai raba kadarorinsa a ƙarƙashin dokokin OHADA, akwai wa'adin da mai bin bashi zai bayyana abin da yake bi, wanda bai ji labari a kan lokaci ba ya shiga uku. Duk waɗannan hanyoyi an yi su ne don mai karatu, mai lokaci, mai takardu a jere.

Yanzu mu duba yadda wasu suka yi. A Amurka, inda abin ya fi ƙarfi, ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayya ce ke tafiyar da shi, a siffar da aka gyara ta a 1966. Kafin a shiga maganar wa ke da gaskiya, akwai wata ƙofa da dole a wuce, wato tantancewar alƙali. Mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su shigar da ƙara su ce suna magana da yawun dubbai, alƙali kuma ya auna abu huɗu. Na farko, shin mutanen sun yi yawan da tara su ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba? Na biyu, akwai tambaya guda da amsarta za ta warware matsalar kowa? Na uku, abin da ya sami wanda ya tsaya a gaba irin abin da ya sami sauran ne? Na huɗu, shi da lauyoyinsa za su iya riƙe amanar waɗanda ba su zo ba? In kuɗi ake nema, sai an ƙara nuna cewa abin da ya haɗa mutanen ya rinjayi abin da ya raba su, kuma wannan hanya ta fi kowa ya tafi shi kaɗai. In alƙali ya amince, duk wanda abin ya shafa ya shiga ciki ke nan, sai fa wanda ya rubuta ya ce a cire shi.

A wannan ƙofa ake yin ainihin dambe. Banki ya san in aka ƙi amincewa, ƙarar mutum dubu ɗari ta koma ƙarar mutum ɗaya a kan 'yan kuɗi kaɗan, ta mutu da kanta. In kuwa aka amince, galibi sai a zauna sulhu. Shi ya sa lauyoyin banki kullum hujjarsu ɗaya ce: kowane abokin hulɗa da irin labarinsa, ba za a haɗa su ba. Wani lokaci kuma suna da gaskiya. A 2011 kotun ƙolin Amurka ta rushe gayyar mata ma'aikata kusan miliyan ɗaya da rabi da suka kai kantin Walmart ƙara, bisa cewa manajoji dubbai ne suka yanke shawarwari daban-daban, babu tambaya ɗaya da ta haɗa kowa.

Amma cajin banki daban yake, domin kwamfuta ɗaya ce ke yanke wa kowa. Dubi shari'ar bankin Wells Fargo a jihar Kaliforniya. Bankin yakan jera sayayyar da mutum ya yi da kati a rana, ya fara cire mafi girma kafin ƙanana, ko da ƙananan aka fara saya. Da haka asusun ke saurin ƙarewa, sai kowace ƙaramar sayayya ta jawo tararta daban, maimakon tara ɗaya. A Agustan 2010 alƙali William Alsup ya umarci bankin ya mayar da dala miliyan 203, kuma bayan shekaru ana ɗaukaka ƙara hukuncin ya tsaya. A 2011 Bank of America ya yarda ya biya dala miliyan 410 a kan irin wannan zargi. Ba wani mutum ɗaya da zai iya gano wannan dabara daga takardar asusunsa, balle ya ja da banki a kanta. Sai da aka haɗa asusun jama'a wuri ɗaya hoton ya fito.

Kada wani ya ce abin Turawa ne. A Afirka ta Kudu kundin tsarin mulki da kansa ya yarda mutum ya kai ƙara a madadin rukunin jama'a, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta shimfiɗa sharuɗɗan tantancewa a 2012, a wata shari'a kan kamfanonin da suka haɗa baki suka tsauwala farashin burodi. A 2016 kotu a Johannesburg ta amince da gayyar ma'aikatan haƙar zinariya da ƙura ta lalata wa huhu, a 2018 kamfanonin suka yarda da sulhu na rand biliyan 5. Abin lura a gare mu shi ne da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan ci-rani ne daga Lesotho da Mozambik da sauran maƙwabta, kuma ba a ce sai ɗan ƙasa zai karɓa ba.

Na san akwai masu cewa a yi hattara, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa lauyoyi ne ke cin moriyar, talaka ya tashi da kuɗin goro. A Ingila an ga haka: ƙarar da Walter Merricks ya shigar a kan Mastercard a 2016 a madadin mutum miliyan 46 ta nemi fam biliyan 14, an kai har kotun ƙoli a 2020 a kan batun tantancewa kaɗai, a ƙarshe aka yi sulhu a kan fam miliyan 200. Suna cewa kuma ƙaramin asusun mikrofinans na unguwa, wanda mata masu adashe da 'yan tireda suka dogara da shi, babbar ƙara ɗaya za ta iya durƙusar da shi, kuma kuɗin masu ajiya ne za su tafi. Wannan ma gaskiya ne. Asusun garantin ajiya na yankinmu iyakar abin da yake biya sefa 1,400,000 ne ga mai ajiya a banki, 300,000 ga mai ajiya a mikrofinans. Wanda ya tara kuɗin shanu ko kuɗin Hajji sama da haka, saura sai abin da aka samu.

Amsar duk wannan tana cikin ƙofar da na ambata. Tantancewar alƙali ita ce matattarar da ke hana ƙarar banza wucewa. Alƙalin da ke da ikon amincewa, a ba shi ikon ƙayyade ladan lauya, da ikon ƙin sulhun da bai amfani jama'a ba, da ikon tsara biya kashi-kashi in cibiyar ƙarama ce. Ko a inda abin da kowa ya samu bai taka kara ya karya ba, akwai ribar da ba a gani a aljihu: bankin da ya san ana iya haɗa masa jaka shida sau dubu ɗari biyu zai yi tunani kafin ya ƙirƙiro sabon caji.

Akwai kuskure biyu da bai kamata mu kwafo ba. Na farko na Faransa ne. Dokar Hamon ta Maris 2014 ta kawo ƙarar gayya, amma ta ce sai ƙungiyoyin masu saye da gwamnati ta amince da su ne kawai za su shigar, kuma bayan hukunci sai kowa ya zo da kansa ya rubuta sunansa. Wani rahoton majalisar dokokinsu na 2020 ya ƙirga ƙara 21 kacal a cikin shekara shida, har sai da suka sake gyara dokar a 2025. Tunda mun saba ɗauko dokokinmu daga can, a kula kada a ɗauko mana tsohuwar rigar da su kansu suka cire. Na biyu na Amurka ne. Can bankuna sun koma saka wani sharaɗi a cikin takardar buɗe asusu, cewa ka yafe haƙƙinka na shiga gayya, in rigima ta taso mai sasanci na kuɗi za a je. Kotun ƙoli ta halatta irin wannan a 2011 da 2013. Hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta yi ƙa'idar hana shi a 2017, majalisar dattawa ta soke ta da ƙuri'a 51 da 50. Dokarmu ta faɗa tun daga farko cewa duk sharaɗi irin wannan ba shi da ƙarfi, ko da mutum ya dangwala yatsa a kai.

Sannan dokar ta yi la'akari da irin mutanen da ke zaune a unguwanni kamar tamu. Duk wanda abin ya shafa ya kasance a ciki kai tsaye, sai in shi ya ce a cire shi, domin in aka ce sai an je an cike takarda da Faransanci, rabin Zongo sun faɗi tun ba a fara ba. Jerin sunayen yana cikin kwamfutar banki, alƙali ya sa a kawo, a mayar wa kowa kuɗinsa ta asusunsa ko ta wayarsa. Sanarwa kuma kada ta tsaya a jaridar gwamnati: a yi ta a rediyo da Ewe da Kabiye da Kotokoli da Hausa, a aika ta saƙon waya. Shaidar shiga ta zama lambar asusu ko rasit, kada a ce sai takardar zama ɗan ƙasa, domin lokacin da ake karɓar kuɗin ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ko ɗan Gana ba wanda ya ce kuɗinsa baƙo ne. Abin da ya rage ba a karɓa ba kuma kada ya koma aljihun wanda ya yi laifin.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu. Kasuwancin shanu da na goro da ya gina Zongon Lome a kan maigida ya tsaya: baƙo ya sauka a gidansa, ya sayar bashi ga mahaucin da bai sani ba, in biya ya yi gardama maigida ne zai tsaya a madadinsa. Mutum ɗaya amintacce yana magana da yawun mutane da yawa, kuma in ya ci amana sunansa ya ɓaci har abada. Har yau a kasuwar shanu ta Adétikopé da dillali ake ƙulla ciniki. Abin da muke nema shi ne kotu ta san da irin wannan wakilci, ta sa masa sharuɗɗa. Dattawanmu sun kuma san abin da rarrabuwa ke jawowa. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari aka kawo mu nan arewa, kuma manyan gine-ginen bankuna ne suka tashi a wajen. Lome a yau gari ne na kuɗi, nan hedkwatar Ecobank take, nan Oragroup, nan BOAD. Garin da ke alfahari da haka ya kamata ya zama na farko a yankin da ƙaramin mai ajiya zai iya tsayawa gaban alƙali da ƙarfin 'yan uwansa. Bankin da ke aiki da gaskiya ba abin da zai rasa, sai ma ƙarin amincewa daga mutanen da har yanzu suka fi yarda da ƙarƙashin katifa.

Hanya biyu ce. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'unmu, a tambaye su wannan magana a bainar jama'a. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su LCT da ATC su ɗauke ta, mu kuma mu shiga cikinsu, kada mu tsaya daga nesa muna cewa ba da mu ake ba. Tunda kuma dokokin banki a yankin sefa akan tsara su ne a matsayin daftari ɗaya kowace ƙasa ta sa hannu, Togo na iya kai batun teburin ministocin kuɗi, ɗan Maraɗi da ɗan Kwatano su ma su amfana.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Kada ka ba kowa kuɗinka sai ka tambayi lambar izininsa daga ma'aikatar kuɗi, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata uku, ka riƙe aljihunka. Ka ajiye kowane rasit, kada ka goge saƙon da ke shigowa waya in an cire kuɗi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashe su buɗe littafi guda, duk wanda ya ga cajin da bai gane ba a rubuta: rana, adadi, sunan cajin. In mutum hamsin suka ga abu ɗaya, a rubuta wasiƙa ɗaya da sa hannun kowa zuwa ga cibiyar, a aika kwafi ga reshen BCEAO na Lome. Wasiƙar mutum hamsin ba a jefa ta kwandon shara kamar ta mutum ɗaya. Kuma ranar da dokar ta zo, abu na farko da alƙali zai nema shi ne shaidar cewa cutar iri ɗaya ce, littafin nan shi zai ba da amsa.

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A kasuwa mun ga haka, a wajen biki da jana'iza mun ga haka. Saura a kotu. Allah ya tsare mana guminmu, ya kuma ba shugabanni ikon yin abin da ya dace.